Wa ke da hurumin sauke littafi daga kantar makaranta?

Malama Ta Aji Huɗu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga malamai da iyayen da ke cikinmu. Idan uba ya zo makaranta riƙe da littafin da ɗansa ya aro a laburare, ya buɗe shafi ɗaya, ya ɗora yatsa kan kalma ɗaya ya ce bai yarda ba, me ya kamata a yi? A sauke littafin nan take? A bi kalmar da baƙin biro? Ko a ce masa ya hana nasa ɗan, ya bar na mutane? Sannan wa zai yanke: hedimasta, mai makaranta, ko wanda aka ba makullin ɗakin karatun? Tun bayan rikicin Queen Primer, littafin koyon karatun Turanci na yara, a 2023 na lura kowace makaranta abin da ya zo mata take yi, kuma yawanci tsoro ne ke yanke hukuncin.

Abban Sadiq: Wa alaikumus salam. Malama ai wannan ba ya buƙatar dogon Turanci. A sauke. Littattafai ba su ƙare a duniya ba, a kawo wani. Kuɗin makaranta na biya don a koya wa yaro karatu da tarbiyya, ban biya don a yi gwaji da shi ba.

Maman Ilham: Ina bayanka Abban Sadiq. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mai Makullin Laburare: Wa alaikumus salam. Tunda Malama ta ambaci Queen Primer, bari mu tuna yadda abin ya faru, don da yawanmu hoton shafi ɗaya muka gani a WhatsApp, ba littafin ba. A watan Oktoban 2023 Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta haramta shi, ta ƙwace kwafi wajen 1,200 a hannun masu sayarwa. Gwamnatin jihar ta biyo baya da jerin littattafai 6 da ta ce kada a ƙara amfani da su a makarantu. Majalisar Wakilai a Abuja ma ta sa baki a cikin watan. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne layin da yara biyu ke tsalle cikin busasshiyar ciyawa, aka ce su zama “gay”, kalmar da a yau ake nufin ɗan luwaɗi da ita. To littafin nan tun ƙarni na 19 aka rubuta shi a Birtaniya, zamanin Sarauniya Victoria, lokacin da abin da aka sani da kalmar shi ne fara'a da annashuwa. An jera ta ne da 'yan uwanta masu amo ɗaya, su “hay” da “way”, don yaro ya koyi haɗa baƙi. Iyayen wasunmu da shi suka buɗe ido da karatun boko.

Abban Sadiq: Malam, yarona ba a zamanin Victoria yake ba. Yau in ya tambayi yayansa, ko ya buga kalmar a waya, wace ma'ana za ta fito masa? Ta kakan kakan Bature ko ta yanzu?

Mai Makullin Laburare: Wannan hujja ce, kuma ban raina ta ba. Da cewa aka yi littafi ya tsufa, harshensa ya bar zamani, a canza shi, da ni ne farkon sa hannu. Ni ma ba sonsa nake ba. Turancin da ke ciki ba mai yin irinsa yau ko a Ingilar, kuma akwai littattafan haɗa baƙi da suka fi shi nesa ba kusa ba. Amma ba haka aka faɗa wa jama'a ba. Cewa aka yi ta yi makirci ne aka ƙulla don a lalata mana 'ya'ya. Kuma bambancin ba ƙarami ba ne. In tsufa ne, sai a sauya littafi a wuce wurin. In makirci ne, malamar da ta yi shekaru tana koyarwa da shi ta zama abar zargi, hedimasta ya fara kallon kowane littafi mai hoto a matsayin abin da zai ja masa a rufe makaranta. Na san inda aka tattara kwalayen littattafan yara gaba ɗaya aka kulle a sito a lokacin, ba wanda ya buɗe ko guda.

Ɗan Gwammaja: Ku dai kuna maganar laburare kamar kowace makaranta na da shi. A firamaren gwamnatin da na yi, laburaren kwali biyu ne a ofishin hedimasta, su ma gara ta riga mu karantawa.

Maman Ilham: Kai Ɗan Gwammaja, Allah ya shirye ka. Ana maganar arziki.

Ɗan Gwammaja: Ai maganar arzikin nake yi Hajiya. Wanda ke da littafi dubu in ya sauke ɗaya ba a gani. Mu da muke da talatin fa?

Ɗan Zango a Bronx: Salam 'yan uwa. Ni mutumin Kumasi ne, yarana a makarantar gwamnati suke a nan New York, to bari in ba ku labarin nan ɓangaren, don kada a zaci mu kaɗai ke wannan rigima. Turawan nan sun fi mu yin ta. Ƙungiyar laburarori ta Amurka ta ƙirga littattafai 4,240 da aka nemi a cire ko a taƙaita a 2023 kaɗai.

Wanda ya fi kama da tambayar Malama ya faru a 2007. Wani littafin yara, The Higher Power of Lucky na Susan Patron, ya ci lambar Newbery. Ita ce babbar lambar littattafan yara a ƙasar, tun 1922 ake ba da ita, kuma a al'ada duk littafin da ya ci ta kusan kowace makaranta sai ta saya. Sai ga kalma ɗaya a shafin farko. Yarinya 'yar shekara 10 ce ta laɓe tana jin wani mutum yana ba da labarin yadda maciji ya sari karensa a, ku gafarce ni iyayena mata, jakar maraina. Kalmar da aka sa ta likitoci ce, ba ta 'yan tasha ba. Yarinyar ba ta san ma'anarta ba, tana ta juya ta a rai har kusan ƙarshen littafi, inda ta tambayi matar da ke riƙonta, ita kuma ta yi mata bayani gajere cikin natsuwa. Shi ke nan fa. Amma masu kula da laburaren makarantu suka rabu biyu, har jaridar New York Times ta sa labarin a shafinta na farko a watan Fabrairun shekarar. Abin dariyar, marubuciyar kanta a lokacin ma'aikaciyar laburare ce a Los Angeles.

Abin da nake so ku lura: waɗanda suka ƙi littafin ba gwamnati ce ta hana su ba. Wasu cewa suka yi ba za su iya tsayawa gaban 'yan aji uku suna fassara kalmar ba, wasu kuma gudun iyaye suke. Sai kawai suka ƙi saye. Ba takarda, ba sanarwa, ba wanda zai ɗaukaka ƙara. Irin wannan tacewar ta fi ta hukuma yawa, kuma ba a ganinta.

Maman Ilham: To ai sun yi daidai. Me ya kai kalmar cikin littafin yara tun farko? Macijin bai ga ƙafa ba ne?

Ɗan Gwammaja: Hajiya wallahi kin kashe ni da dariya.

Malamin Islamiyya: Bismillah. Hajiya, da girmamawa, ina da ja a nan. Yaranmu nawa ne suka kai shekara 10 ba su fara Ahlari ko Ishmawi ba? Me ke cikin babin tsarki? Abubuwan da ke warware alwala, da sunayensu ɗaya bayan ɗaya: fitsari, bayan gida, maziyyi, wadiyyi. Sannan abin da ke wajabta wanka: janaba, haila, jinin biƙi. Muna fassara musu da Hausa, maza da mata, kuma babu uban da ya taɓa zuwa ya ce in tsallake shafin. Da ya zo ma da na ce masa to yaya yaron zai yi salla? Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Saboda haka ambaton gaɓar jiki da sunanta ba shi ne batsa ba. Batsa ita ce a kawo zancen don motsa sha'awa ko don wulaƙanta mutum. Mai ashar a tasha da likita a asibiti suna iya ambaton wuri ɗaya, amma ba aiki ɗaya suke yi ba. Wannan kuwa ba a gane shi da kallon kalma, sai an karanta abin da ke gabanta da bayanta.

Hajiya Kaka: Allah ya gafarta Malam, maganarka gaskiya ce amma ka bar rabinta a baya. Ahlari ba a miƙa wa yaro shi a ce je ka ƙuryar ɗaki ka karanta. Kana zaune a gabansa. Kai ka san wanda za ka faɗa wa a taƙaice da wanda za ka buɗe wa, ka san lokacin da za ka ɗaure fuska don kada aji ya koma wasa. In 'yan mata sun fara girma ma malama ake nema musu. Littafin laburare kuwa ba shi da malam. Yaro zai ɗauka, ya kai bayan aji, su taru su biyar a kan kalma ɗaya suna ƙyaƙyata dariya, labarin ma ba za su karanta ba. Na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, na san abin da nake faɗa. Kunya kuma ba cuta ba ce da za a ce sai an warkar da 'ya'yanmu daga gare ta. Mu da ba ma faɗar sunan ɗan fari, ba za a ce mana mu zama Turawa a rana ɗaya ba.

Malamin Islamiyya: Na karɓa Hajiya. Sai dai abin da maganarki ta hukunta shi ne a nemo malamin, ba a ɓatar da littafin ba.

Mai Makullin Laburare: Hajiya Kaka ta taɓo inda aikin yake. A laburaren da aka tsara, ba a zuba littattafai wuri ɗaya. Kantar 'yan nazare zuwa aji uku daban, ta manyan firamare daban, ta sakandare daban, sannan akwai kantar da sai malami ya sa hannu ko kuma a aji ake karantawa tare. Yawancin ƙorafin da ke zuwa mini ba na mugun littafi ba ne, littafin 'yan shekara 14 ne ya faɗa hannun ɗan shekara 8. Dalili kuwa sananne ne: kwalayen gudummawa ake kawowa daga waje, a juye su kan kanta yadda suka zo, ba wanda ya karanta. Ranar da uba ya zo da faɗa, ranar malamai ke fara ganin cikin littafin. Ba a zubar da buhun shinkafa don tsakuwa ɗaya, tsincewa ake yi.

Abban Sadiq: Tsakuwa ɗayar ce dai ke karya haƙori, Malam.

'Yar Damagaram: Sannunku da hira. Ni a lakwal na yi karatu, da Faransanci, to misalina daban ne. Akwai littafin zane na yara da ake ce wa Tintin au Congo, na Hergé ɗan Beljiyam, ya fito a 1931 lokacin Kongo na hannunsu. Ku bincike shi daga bango zuwa bango, ba ashar, ba tsiraici, ba kalmar da Abban Sadiq zai ɗora wa yatsa. Amma baƙaƙen da ke ciki an zana su da manyan leɓɓa, malalata, masu gurguwar magana, suna rusuna wa yaron Bature har da karensa. Shi kansa mai zanen da ya sake fitar da shi a 1946 ya cire wurin da Tintin ke koya wa yaran Kongo cewa ƙasarsu ita ce Beljiyam, ya mai da darasin na lissafi. Wani ɗan Kongo ya kai ƙara a Beljiyam a hana sayar da shi, kotu ta ƙi a 2012. A Ingila wasu shaguna suka ɗauke shi daga ɓangaren yara suka kai na manya.

Tambayata kashi biyu ce. Masu cewa kada a taɓa sauke littafi, za ku bar wannan a hannun ɗiyarku 'yar shekara 6, ta ga kamanninta haka? Masu farautar kalma kuma, ga littafin da zai wuce tarkonku salin alin, alhali ya fi wancan na kare da maciji illa sau nawa. Mushen, wato malamin, da ya koyar da mu bai ɓoye mana shi ba, amma sai da muka girma ya kawo shi, a darasin tarihin mulkin mallaka.

Abban Sadiq: Wannan ma a sauke shi. Ni ban ce kalma kaɗai ba.

'Yar Damagaram: To wa zai gano shi, yaya, in ba wanda ya zauna ya karanta ba? Hoton shafi ɗaya a WhatsApp ba zai nuna maka shi ba.

Ɗalibar Adabi: Ba wanda ya taɓa zancen baƙin biro da Malama ta kawo. Manyan maɗaba'u ma sun gwada shi. A Fabrairun 2023 aka gano kamfanin Puffin a Ingila ya bi littattafan Roald Dahl, wanda ya mutu tun 1990, ya sauya ɗaruruwan wurare. An cire kalmomi irin su mai ƙiba da mummuna, an ƙara jimlolin da shi bai rubuta ba, sunansa kuma na nan a bango. Aka yi ca, har ofishin firaministan lokacin, Rishi Sunak, ya soki abin. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya ce zai ci gaba da buga na asalin a gefe. Kafin nan, a 2011, an fitar da wani bugu na Huckleberry Finn na Mark Twain a Amurka, aka cire kalmar nan ta ƙasƙanta baƙar fata da ta fito sama da sau 200, aka sa bawa a gurbinta. Wanda ya yi aikin malamin jami'a ne, niyyarsa kuma makarantu su daina gudun littafin. Amma littafin an rubuta shi ne don a ga munin yadda ake ɗaukar baƙar fata a lokacin bauta. In ka wanke bakin mutanen ciki, ka rage musu laifi ke nan.

A namu yanayin ma biro ya fi muni. Ba abin da ke jan idon yaro kamar wurin da aka toshe. Zai ɗaga shafin ya haska a rana.

Dattijon Zaure: 'Yata kin yi magana. Bari in kawo ta gida, don kullum in ana wannan zance sai a yi kamar littafin Bature ne kaɗai ke da abin dubawa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da aka buga a 1934, labarin harin bayi ne da cinikinsu, an raba uwa da ɗa, an keta Sahara da mutane kamar kaya. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, daga fari har ƙarshe Alhaji Imam da Malam Zurƙe cutar juna suke, ƙarya da damfara ba irin wadda babu. Magana Jari Ce kuwa don makaranta aka rubuta shi. Da su aka yaye mu, da su muka yaye wasu. Yau in wani ya ce zai bi su ya goge bawa da kuyanga, ya gyara wa Imam Hausa don kada ran wani ya ɓaci, wa zai yarda a zauren nan? Ni dai ba da ni ba. To in ba mu yarda a taɓa namu ba, mu yi adalci in muna hukunta na wasu.

Malam Daga Wusasa: Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ma ban yarda a taɓa su ba, amma bari in faɗi yadda abin yake daga inda nake zaune. Ni Bahaushe ne Kirista, kakannina Maguzawa. Akwai kalmar da ke yawo a tsofaffin rubuce-rubucenmu da tatsuniyoyi da bakin mutane: arne. Wanda ba a taɓa kiransa da ita ba ba zai san nauyinta ba. Ka zauna a aji ana karatu da ƙarfi, a zo kanta, yara su waiwayo su dube ka. Ba wanda zai kai ƙorafi a kan wannan, don masu jin zafin ba su da yawa a taron iyaye da malamai. Haka yaron da mahaifinsa ke da kuturta yake ji in an zo karin magana a kan kuturu. Ban ce a goge ba. Abin da na so a lokacin shi ne malamin ya dakata, ko na minti ɗaya, ya ce wa aji wannan kalma haka aka yi amfani da ita a da, amma ba a kiran mutum da ita. Bai dakata ba.

Hajiya Kaka: Allah sarki. Wannan kam gaskiya ce mai ɗaci, ɗana.

Abban Sadiq: Malam na Wusasa, a nan ba ni da ja. Amma ka ga kai ma iyaye kake so a saurara. Ni ma abin da nake nema ke nan.

Marubuciya: A saurare ku mana, amma a tuna an taɓa bin hanyar a sauke har ƙarshenta. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, an tara littattafan soyayya na Hausa an cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata a Kano. A shekarar da ta biyo hukumar tacewa ta matsa sai marubuta sun yi rajista, aka yi ta kai ruwa rana da ƙungiyoyinsu. A cikin littattafan kasuwar akwai na banza, ban musa ba. Amma akwai masu magana a kan auren dole, da sakin wulaƙanci, da karatun 'ya mace, kuma da su dubban mata suka iya karatun Hausa. Wuta ba ta tantance ba. Yau ina aka koma? Waya. Labaran da ake turawa a WhatsApp da Wattpad, wasu har da kuɗi ake shiga rukuninsu, abin da ke cikin wasunsu ko kusa na takarda bai kai ba. Ba edita, ba maɗaba'a, ba sunan gaskiya. Na takarda aƙalla uwa na iya tsintarsa ƙarƙashin filo.

Hani kuma talla ne. A Janairun 2022 hukumar makarantun wata gunduma a jihar Tennessee ta Amurka ta cire Maus daga manhajar 'yan aji takwas, littafin zane a kan kisan ƙare dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, saboda kalmomin zagi 8 da wani ƙaramin zanen tsiraici. Kafin wata ya ƙare ya hau sahun gaba na littattafan da aka fi saye a Amazon. Mu ma nan, yara nawa ne suka san ɗaya ma'anar kalmar Queen Primer kafin manya su yi ta shelanta ta a rediyo?

Maman Ilham: To don waya ta lalace sai mu saki makaranta ita ma? Wayar ina iya ƙwacewa. Makaranta amana na ba su.

Marubuciya: Ba saki na ce ba, 'yar uwa. Cewa na yi wanda zai yanke ya karanta tukuna.

Lauyan Zaure: Na jima ina bin ku. Tambayar Malama ta hurumi ce, kuma an taɓa kai irinta kotun ƙolin Amurka. Hukumar makarantun Island Trees a jihar New York ta kwashe wasu littattafai daga laburare a tsakiyar shekarun 1970, bayan wasu mambobinta sun samo jerin sunaye a wani taro. Ta kafa kwamitin iyaye da malamai ya duba, kwamitin ya ce a mai da da yawansu, hukumar ta yi watsi da shawarar. Ɗalibai suka kai ƙara, Steven Pico a gaba. A 1982 alƙalai suka rabu 5 da 4, kuma ko masu rinjayen ba su haɗu a kan dalili ɗaya ba. Amma ra'ayin da aka fi ambato, na mai shari'a Brennan, ya ce hukuma na iya cire littafi in batsa ta mamaye shi ko bai dace da karatun yaran ba, ba ta da ikon cire shi don kawai ba ta son ra'ayin da ke ciki. Dokarsu ba tamu ba ce, kada wani ya ɗauka ina cewa ta hau kanmu. Abin ɗauka shi ne tsarin da makarantunsu da yawa ke bi. Mai ƙorafi ya cike fom da sunansa. A tambaye shi ko ya karanta littafin duka, wane shafi ne, me yake so a yi. Kwamiti ya karanta, ya rubuta dalilinsa. Kowa ya san inda zai ɗaukaka ƙara.

Sunan nan da ake rubutawa ba ƙaramin amfani gare shi ba. Jaridar Washington Post ta bi ƙorafe-ƙorafe sama da 1,000 na shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022, ta tarar mafi yawansu mutum 11 ne suka shigar. In ba a rubuta ba, sai a ce iyaye sun ƙi, alhali mutum ɗaya ne mai yawan zarya.

A wurinmu zan ba da shawarar kwamitin mutum biyar: mai laburare, malamin darasin, malamin addini, uba ɗaya, uwa ɗaya. Littattafan manhaja kuwa a bar wa hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, da ma'aikatar ilimi, ba aikin kwamitin ba ne.

Abban Sadiq: Barista, fom ɗin na yarda, zan cike. Amma sharaɗin sai na karanta littafi duka fa? Uban da bai yi boko ba, ɗansa ya karanta masa layi ɗaya ya ji abin da bai gamshe shi ba, shi ba shi da bakin magana ke nan?

Lauyan Zaure: Yana da shi. Ya faɗa da baki, a rubuta masa, a karanta masa ya amince. Wajibcin karantawa duka a kan kwamiti yake, ba a kansa ba. Kuma ɗansa dai, daga ranar ba za a ƙara ba shi littafin ba, wannan haƙƙinsa ne ba sai an yi zama ba.

Abban Sadiq: To kafin kwamiti ya zauna, littafin yana ina? Kan kanta ko cikin durowa?

Mai Makullin Laburare: Kan kanta. In aka ce da zarar an yi ƙorafi a ɗauke, mutum ɗaya zai iya kwashe laburare da fom ashirin, kwamitin kuma ba zai taɓa zama ba, don ba abin da ke matsa masa.

Hajiya Kaka: A'a Malam, nan ban bi ka ba. In abin da uban ya gani da gaske mummuna ne fa? Ka bar shi yara na ɗauka har sai manya sun sami sukunin zama? A sa shi a teburin mai laburare, wanda iyayensa suka yarda ya karɓa a can. Amma a yanka wa kwamiti mako biyu. In bai zauna ba littafi ya koma inda yake.

Mai Makullin Laburare: Mako biyun zan iya ɗauka, in har za a rubuta cewa komawar ba ta jiran sa hannun mai makaranta.

Ɗan Gwammaja: Mai makarantar da ko albashi sai ya ga dama yake sa wa hannu? Ku dai rubuta, Barista ya duba mana. Kuma a sa kujerar uwa ta zama ta Maman Ilham, in ga ranar da za ta karanta littafin kare da macijin nan har ƙarshe.

Maman Ilham: Ku kawo shi. Amma in na gama na ce a sauke, kada in ji bakin kowa.